Garkar Kakanmu a Galmi

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram a ƙarshen hunturu, ya san akwai wurin da hanci ke riga ido sanin an iso. Idan an wuce Dosso da Dogon Dutsi, an yi salla an sha ruwa a Birnin Ƙonni, an bar mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta ratse hagu, an kuma wuce masana'antar siminti ta Malbaza, to, ba a jimawa sai warin albasa ya shigo mota ko da tagogi a rufe suke. Can kuma sai a fara ganin buhuna jere a bakin kwalta, kowane an cika shi har ya yi tozo, an ɗinke bakinsa da ƙyalle kamar an sa masa hula. Wannan ita ce Galmi, kusan kilomita 500 gabas da Yamai, a cikin jihar Tawa. Abu biyu ne suka kai sunanta nesa: asibitin mishan da aka buɗe a 1950, da jar albasar da ake kira da sunan garin tun daga kasuwannin Kumasi har zuwa na Abijan.

A nan aka haifi mahaifina, Allah ya jiƙansa, a nan kuma na yi ƙuruciyata kafin karatu ya ɗauke ni ya kai ni birni. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, ya ku ƴan'uwa masu karatu: a wannan karon na tafi ne da niyyar sayar da gado. Kakanmu ya rasu ya bar garka guda wadda ba ta kai hekta ɗaya ba, da ƴaƴa uku: mahaifina, da ƙanensa wanda muke kira Baba Ƙarami, da ƙanwarsu Gwaggo. Ba a taɓa raba garkar ba. Da mahaifinmu ya kwanta dama, sai wani attajirin albasa ya aiko mana da saƙo cewa yana son rabon gidanmu. Kuɗin da ya ambata sun isa su rufa mini ginin da na fara a Yamai, su kuma share wa ƙannena hawaye. Mu shida ne, kuma babu ko ɗayanmu da ke zaune a Galmi. Muka yi shawara ta waya, aka wakilta ni.

Ƙwarya da igiya

Na sauka bayan la'asar. Da na gaisa da mutanen gida aka ce mini Baba Ƙarami yana garka, sai na ajiye jakata na bi shi da ƙafa.

Wanda bai san ƙasar Adar ba zai yi mamakin yadda lambu ke rayuwa a cikinta. Tuddai ne na jan dutse da tsakuwa, waɗanda da rani ko akuya sai ta yi yawo kafin ta cika ciki. Amma tsakanin tuddan akwai kwaruruka, irin su Majiya da Tarka, inda ruwan damina ke gangarowa da laka ya shimfiɗa ta, shi kuma ya nutse ƙasa ba da nisa ba. Wannan ruwa na ƙarƙashin fadama shi ne jarin farko na duk mai garka a yankin. Ita kuwa albasa baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama ƴar gida. Asalinta tsakiyar nahiyar Asiya, sunanta ma daga Larabci muka aro shi, kuma tsofaffin Galmi sun ce sun tashi sun tarar da iyayensu suna shuka ta.

Kakanmu ya share wannan yanki na fadama tun kafin samun mulkin kai a 1960. Mai gari ne ya nuna masa wurin, goro kawai ya kai. Da hannunsa ya haƙa rijiya mai zurfin gaba biyu, ya tokare bakinta da itace da ciyawa. Irin wannan rijiya ba ta ƙetare damina: ruwa na zuwa sai ta rufta, kaka na yi sai a sake haƙa wata. Kayan ban ruwansa ƙwarya ce da igiya. Yakan tsaya a bakin rijiya, ya jefa, ya jawo, ya juye a magudana, yaro kuma yana can da ƴar fartanya yana buɗe wa ruwa hanya zuwa wannan fangali yana toshe wancan. Haka ake yi daga asuba zuwa hantsi, a sake dawowa bayan la'asar. Saboda haka a zamaninsa girman garka bai wuce ƙarfin damtsen mai ita da yawan yaran gidansa ba.

Ban da albasa, yakan sa barkono da gauta da ɗan dankali a gefe. Kakarmu kuma ba ta barin lawashi ya lalace. Takan daka shi, ta dunƙula, ta shanya a kan rufin ɗaki har ya bushe ya zama gabu, wanda ke gyara miya duk tsawon damina, ragowar kuma ta kai kasuwa. A kan jakai ake ɗaukar albasar zuwa Ƙonni, kuɗinta ya biya haraji, ya ɗinka wa iyali tufafin salla.

Mutanen Adar sun shahara da tafiya cin rani, ko biɗa kamar yadda muke cewa. Ana gama girbin hatsi sai samari su kama hanyar Kano da Ikko da Abijan, gari ya koma na tsofaffi da mata da yara. Kakanmu bai taɓa zuwa ba. Baba Ƙarami ya ce idan aka yi masa zancen, yakan nuna rijiya ya ce ga Abijan ɗinsa nan.

Shekarar El Buhari

Ni ban riski kakanmu da ƙarfinsa ba. Abin da na gani da idona ya fara ne daga farin 1984, wanda ya zo shekara goma bayan na 1973 da 1974, mutane ba su gama farfaɗowa ba. A wannan damina gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Masifar ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, wadda aka rufe a watan Afrilun 1984 ba a buɗe ba sai 1986, shi ya sa Hausawan Nijar suka laƙaba wa yunwar suna El Buhari. Hanyar da aka saba bi a samo hatsi da aikin ƙwadago ta toshe.

A lokacin ne shugaban ƙasa Seyni Kountché ya yi kira ga jama'a su koma noman rani a duk inda ruwa ke kusa. A wasu garuruwa abin sabo ne, sai da aka koya wa mutane yadda ake yin fangali. A Galmi kuwa kiran ya tarar da sana'ar a hannu. Ga shi kuma a farkon shekarun 1980 an gina madatsar ruwa kusa da garin, aka shirya fili na kimanin hekta 250 da magudanan siminti, manoma na aiki a ƙungiyance tare da hukumar ONAHA wadda aka kafa a 1978. Garkarmu tana wajen wannan fili, ruwan madatsa bai kai gare ta ba. Mahaifina, wanda shi ya saɓa wa kaka ya tafi Abijan, ya dawo gida da ɗan abin da ya tara, ya zuba shi duka a rijiya: aka zurfafa ta, aka jera mata zobban siminti, ta daina ruftawa.

Ni ne yaron fartanya a wannan rani. Kafin in tafi lakwal sai na buɗe fangali na toshe har ƙafafuna su faffashe da sanyin hunturu. Ina tuna yadda ake musayar kwandon albasa da ƴan tiyoyin gero, da yadda Inna ke dafa ganyen kabeji da ƙuli-ƙuli a ci a kwanta. Ba mu ƙoshi ba, amma gidanmu bai watse ba. Da yawa daga gidajen kan tudu da ba su da fadama sun rufe ƙofa sun tafi, wasu har yau ba su dawo ba.

Bayan wannan sai abubuwa suka yi ta sauyawa da sauri. Daga ƙarshen shekarun 1980 ƙananan rijiyoyin bututun roba da ake haƙawa da hannu suka yaɗu a kwaruruka, tare da injin ban ruwa mai shan fetur, fetur ɗin kuwa ga shi da araha daga ƙetaren iyaka. Aikin da ƙwarya ke yi a yini guda, inji ya yi shi kafin hantsi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, albasar Turai ta yi tsada a biranen bakin teku, ta Nijar ta ƙara samun shiga. Garaka suka faɗaɗa, manyan motoci suka fara kwana a Galmi suna jiran lodi. A shekarun nan Nijar na noma fiye da tan miliyan 1 na albasa a shekara, jihar Tawa ce kan gaba, kuma babu ƙasar da ta kai ta fitar da albasa a Afirka ta Yamma. Fadamar da kakanmu ya samu da goro ta zama abin da attajiri ke aiko wa saƙo har Yamai.

Kusurwar iri

Na tarar da Baba Ƙarami a tsugune yana duba wuyan albasa. Ganye ya fara kwantawa, alamar ta ƙosa, kuma ya ce ya yanke mata ruwa tun kwana goma da suka wuce domin ta bushe a cikin ƙasa kafin a cire. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ya san abin da ya kawo ni, amma bai ɗauko zancen ba, ni ma ban ɗauko ba.

A kusurwar gabas, kusa da rijiyar siminti, akwai wasu fangali da suka bambanta da sauran. Albasar cikinsu ta fid da dogayen karare har ƙugu, kowane da farin fure dunƙule a kansa, ƙudan zuma na ta kai da kawowa.

Na ce, "Baba, waɗannan fa? Na ga sun wuce lokacin cira."

Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, birni ya cinye maka sani. Ai waɗannan su ne garkar. Sauran duk kayan sayarwa ne."

Sai ya zaunar da ni a bakin magudana ya maimaita mini karatun da na manta. Irin albasa na ƙwarai rani biyu yake ci. A rani na farko ana yafa iri a wurin reno wajen watan Oktoba, bayan kwana 40 zuwa 50 a cire a dasa a fangali, a yi ta ban ruwa da cire ciyawa har a girbe tsakanin Fabrairu da Afrilu. Daga cikin abin da aka girbe ne ake zaɓen iyaye: masu siririn wuya, masu tauri, masu launi ja mai duhu, waɗanda ba su rabu biyu ba. A ajiye su daban su ƙetare damina, duk wadda ta ruɓe ko ta tsiro da wuri a fid da ita. Waɗanda suka tsira su ake sake binnewa bayan damina, su yi fure, su ba da ƴan baƙaƙen ƙwayoyin nan a rani na biyu.

Akwai gajeriyar hanya, in ji shi, kuma ita ce ke kashe iri. Albasar Galmi tana da halin fid da fure tun a shekarar farko. Mai gaggawa sai ya tara ƙwayoyin waɗannan ya shuka ko ya sayar. Abin da zai biyo baya shi ne ƴaƴan su gaji halin uwar, kowace shekara masu fure na ƙaruwa, albasa na ƙanƙancewa, ba ta kuma jure ajiya. Haka nan idan maƙwabci ya bar farar albasa ta yi fure kusa da taka, ƙudan zuma za su gauraya muku iri, launi ya dusashe. Ga shi kuma ƙwayar albasa ba ta da tsawon rai: bayan shekara ɗaya ko biyu yawancinta ba ta tsirowa. Ba a iya kulle ta a akwati a ce an adana wa jikoki. Sai dai a yi ta zaɓe, a yi ta shukawa, kowace shekara ba fashi.

A nan ne ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. A yunwar El Buhari, wani ɗan kasuwa ya zo ya taya iyayen irin da aka ajiye da buhun gero guda. Mazan gida har sun karkata, domin yara na kuka da dare. Kakarmu ta shimfiɗa tabarmarta a ƙofar rumbun ta zauna, ta ce duk mai son ya taɓa su sai ya ɗauke ta tukuna. Ta sayar da tasoshinta na aure aka sayi hatsi. Irin da na gani yana fure a kusurwar gabas jikan jikan wanda ta tsare ne, kuma tun rasuwarta Gwaggo ce ke zaɓen iyaye, ita ke sussuke ƙwayar, ta sheƙe, ta ɗaure a ƙyalle ta rataye a ɗakinta.

Daga hannun manoma irin waɗannan ne masu binciken noma suka karɓi iri a shekarun 1960 da 1970, suka tace shi, ya fita duniya da sunan Violet de Galmi. Cibiyar INRAN da aka kafa a 1975 ta ci gaba da aikin. Yau ana sayar da iri mai wannan suna a gwangwani a ƙasashe da dama. A ƙarshen shekarun 2000 wani kamfanin iri na wata ƙasa ya nemi hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, ta yi masa rajistar wannan iri, manoman Nijar da hukumomi suka tashi tsaye har aka fasa ba shi sunan. A 2023 aka miƙa wa Nijar takardar da ta keɓe wa albasar Galmi sunanta, tare da ta kilishi. Da na ba Baba Ƙarami wannan labari sai ya ce ya ji a rediyo kuma ya yi murna, amma takarda suna take tsarewa, iri kuwa sai da mai zaɓe.

Rudu da bakin kwalta

Washegari na bi ɗansa babba zuwa inda ake lodi. Buhunan algarara ne, ana cusa albasa har ta haura baki, sannan a ɗora hular nan a ɗinke. Ciniki da buhu ake yi, ba da awo ba, don haka duk abin da ke cikin hula riba ce ga mai saye. Tsakanin manomi da mai mota akwai dillali, akwai masu ɗinki, akwai ƴan dako, kowa da rabonsa. Daga nan motocin ke kama doguwar hanya zuwa Ankara da Kumasi a ƙasar Gana, da Abijan, da Lome, da Kwatano, inda a yawancin kasuwannin Hausawa ne ke karɓar kayan.

Ciwon manomin albasa ɗaya ne, kowa kuma ya san shi. A watannin Maris da Afrilu kowa na girbi, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Wanda ya iya riƙe kayansa zuwa ƙarshen damina yakan sayar da ninki biyu ko uku, wani lokaci fiye. Don haka ake gina rudu, wato rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa domin iska ta ratsa. Amma ajiya ma caca ce: zafi da laima na iya cinye kashi ɗaya cikin uku na abin da aka zuba, musamman idan an cika wa albasar takin zamani ko an cire ta da ɗanyen wuya. A daminar 2024, wadda ruwanta ya yi ɓarna a sassa da yawa na ƙasar, rudu ɗaya daga cikin biyu na gidanmu ya jiƙe, aka kwashe rabinsa aka zubar.

Mafi yawan masu sayarwa da wuri kuwa bashi ne ke kora su. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wanda ba shi da kuɗin taki da mai da ƴan ƙwadago a watan Nuwamba, dole ya karɓa a hannun ɗan kasuwa, ya biya da buhuna ranar girbi a kan farashin ranar. Shekarar 2023 ta ƙara tsananta abin. A ƙarshen watan Mayu Najeriya ta janye tallafin fetur, man inji ya yi tsada, har manoma da yawa suka juya injinansu suka koma aiki da tukunyar gas, masu hali kuma suka sayi faifan hasken rana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakokin Najeriya da Benin, motocin albasa suka yi kwanaki a tsaye kaya na ruɓewa a ciki. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma bashin da aka ci a tsakani bai tafi tare da shi ba. A nan na gane cewa Baba Ƙarami ma yana da bashi a wuyansa, kuma mai bin sa shi ne attajirin da ya aiko mana da saƙo.

Duk da haka na ga ɗan Baba ya ware kwanduna uku a gefe kafin a fara cika buhu. Ya ce al'adar kaka ce. Malamai sun gaya musu cewa a mazhabar Malikiyya ba a fid da zakka daga kayan lambu irin albasa ranar girbi, sai dai daga kuɗin idan sun kai nisabi shekara ta zagayo. Amma kaka ya ce ba za a ɗaga buhu daga garkarsa ba sai maƙwabta marasa fadama da almajirai sun sami na miya.

Zaman zaure

A dare na uku, bayan sallar isha'i, muka zauna a zaure: ni, da Baba Ƙarami da ƴaƴansa biyu, da liman, da wakilin mai gari. Gwaggo ta zauna daga bakin ƙofa ta ciki. Liman ya yi addu'a, sannan ya yi lissafi a fili. Garka kashi biyar ce: biyu na mahaifina, biyu na Baba Ƙarami, ɗaya na Gwaggo. Daga kashi biyun mahaifina za a fid da tumunin Inna, saura a raba mana mu shida. Da na auna a zuciyata sai na ga rabon kowannenmu bai fi filin gina gida ɗaya ba.

Liman ya ƙara da cewa shari'a ta ba abokin tarayya haƙƙin shuf'a: idan ɗaya daga masu tarayya a ƙasar da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna da ikon karɓa a kan wannan farashi. Kowa ya juya ya dubi Baba Ƙarami. Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, "Malam, ba ni da kuɗin. Kuma ba zan hana marayun yayana haƙƙinsu ba. Abin da nake roƙo kawai, idan an zo awo a bar mini gefen rijiya."

Sai Gwaggo ta yi gyaran murya. Ta ce, "Malam, a gafarce ni, ina da magana biyu. Ta farko, yau shekara nawa da rasuwar Baba, ban taɓa jin an ce ina da kashi ɗaya cikin biyar ba sai a daren nan. Buhu guda ake aiko mini kowane rani, ina godiya, ashe nawa ake ba ni kyauta. Ta biyu, ƙasa kam za ku auna ta da igiya. To irin fa, da me za ku auna shi? Wanda zai saya ba zai jira rani biyu ba. Gwangwani zai buɗe ya shuka abin da ya samu, ƙudan zuma kuma ba su san iyakar gado ba. Shekara uku ta isa a nemi irin Iya a rasa."

Daga nan ta juyo gare ni ta ce, "Kai kuma, ɗan yayana, da wannan irin aka saya maka littafi da alƙalami. Kada ka bari a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba."

Zaure ya yi tsit. Maganarta ta farko ta fi yi wa Baba Ƙarami nauyi, ta biyu kuwa ni ta kama. Na nemi a ɗaga zaman zuwa gobe domin in yi magana da ƙannena.

Ba zan ce muku an rabu kowa na murna ba. Ɗaya daga ƙannena ya ce shi kuɗinsa yake so, kuma yana da gaskiya, domin haƙƙinsa ne, ga iyali ga haya. Abin da muka daidaita a kai shi ne wannan. An rubuta rabon kowa da sunansa, har da na Gwaggo da na Inna da na ƙannena mata, aka kai takardar gaban kwamitin kula da filaye na gari, irin waɗanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, aka sa hannu. Amma ba a ja igiya ba, ba a kafa shinge ba. Baba Ƙarami da ƴaƴansa za su ci gaba da noma garkar a dunƙule, su riƙa biyan sauran magada kuɗin haya bayan an sayar da kayan rudu. Rabon ƙanen nan namu, mu biyar muka ɗauki nauyin sayensa a hankali. Kuɗin da na tara domin kwanon rufi kuwa, da su aka biya attajiri bashinsa, aka kuma sayi faifan hasken rana biyu da ƙaramin famfo. Har yanzu ginina na Yamai a buɗe yake, uwargida kuma ba ta gama yafe mini ba.

Ya ku ƴan'uwa, na san da yawa daga cikinmu mazauna birni muna da irin wannan gado a wani wuri, ko garkar dankalin turawa a Dogon Dutsi, ko ta rake da mangwaro a ƙasar Damagaram, ko ta barkono a bakin Komadugu. Shawarata ita ce kafin mutum ya amsa wa mai saye ta waya, ya je ya kwana uku, ya tambayi wa ya haƙa rijiyar, wa ke riƙe da iri, wa ake bi bashi. A rubuta rabon kowa tun tsofaffin da suka san iyaka suna raye. A kuma ba mata nasu cikakke, domin a gidanmu dai su ne suka tsare abin da muke taƙama da shi, kuma su ne muka fi daɗewa muna tauye wa.

Ranar da zan koma, Gwaggo ta rako ni har bakin kwalta. Motar na tsayawa sai ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini ɗan ƙulli, cikin cokali biyu na baƙar ƙwaya. Ta ce in shuka bana, kada in ajiye, domin ba ya jira. Na yi fangali biyu a bayan ginin nan da ba shi da rufi, ƙaramin ɗana ne ke ba su ruwa da bokiti kafin ya tafi lakwal.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a ruwanmu da ƙasarmu, ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin juna. Amin.